Makarantar hutu da na sa ɗiyana bana a nan Tahoua, ga abin da na gani

Salamu alaikum iyayen ɗiya. Mata da yawa sun tambaye ni wajen adashe ko makarantar nan ta vakans da na sa ɗiyana ta cancanci kuɗɗinta, to maimakon in riƙa maimaita magana guda a vokal gara in rubuta kowa ta karanta. Eh ta cancanta, amma ga ƙanana, ƴan shekara 6 zuwa 12. In naki ya fara gemu yana raba dare a fada, ki karanta har ƙasa kafin ki kai kuɗɗinki.

Ba zan kama sunanta ba don akwai inda zan yi ƙorafi kuma ba na son a ce na taɓa ma mutane abincinsu. Islamiyya ce mai zaman kanta, gida ne anka maida makaranta, ɗakuna huɗu da rumfar kwano a tsakar gida. Sauran shekara karatun marece suke, amma da an rufe lakkwal sai su buɗe na safe daga Yuli har ƙarshen Satumba, Asabar zuwa Laraba, ƙarfe 8 zuwa 12, Alhamis da Juma'a hutu yadda anka saba a makarantar allo. Jika 3 a wata kowane yaro, rajista jika 1, in kina da ukku na ukkun rabi ake amsa. Kuma suna ba da resi, ba irin wuraren da za ki biya a ce miki Allah shaida, wata na zagayowa a ce ba a gani ba.

Abin da ya sa na kai su ba wani dogon tunani ba ne. Maigidana yana Abijan kamar mazan Adar da yawa, wasu Libiya, sai shekara ta juyo a ga juna, to tarbiyyar uba ta koma vokal na WhatsApp, ya yi faɗa na minti biyu yaro ya ce to Baba, ya ajiye portabul ya ci gaba da abin da yake. Wata ukku na hutu ɗiya ukku a gida ni kaɗai ga sana'ata ta awara, ai kun san sauran.

Karatun kashi ukku ne. Da safe Alƙur'ani, ƙanana suna fara da baƙaƙe da wasulla a tablo sannan su shiga izu na ƙasa, wato Sabbi, in sun ƙare su hau Amma. Bayan an sha iska sai Ahalari, sannan hadisi daga Arba'una ta Imamu Nawawi da addu'o'in yau da kullum, na shiga bayan gida, na cin abinci, na kwana. Babban malaminsu ya yi Jami'ar Musulunci ta Say wadda anka buɗe a 1986, kuma kafin nan faranko-arab ya yi, shi ya sa yana jin faransanci sarai, yaro ba ya iya zaginsa da yaren mushe ya wuce. Abin da ya burge ni da Ahalarinsa, bai yi tsalle zuwa alwala da ƙabli da ba'adi ba kamar yadda anka yi muna muna ƙanana. Farkon littafin nan ai maganar gyara imani ce da tuba da tsare harshe, ƙarya da gulma da annamimanci da cin dukiyar mutane ba da son ransu ba, to nan ya zauna da su kusan duk watan fari, yana kawo misali da rayuwarsu, canjin da Inna ta aike ka, bik ɗin ɗan tebur ɗinku, satar amsa ranar kompozisiyon. Wasu iyaye har sun yi gunaguni wai karatu ba ya tahiya. Ni kam nan na ga kuɗɗina.

Amma babban abin shi ne karne. Kowane yaro ana ba shi ɗan ƙaramin kaye, an ja layi an rubuta da Hausa, da boko a gefe da ajami a gefe saboda uwayen da ba su yi lakkwal ba. Salloli biyar, gaida manya, aiken gida, ko ya yi ƙarya, ko ya bugi ƙanensa. Uwa ce ke cikawa kowane dare, wadda ba ta rubutu ta sa alama kawai, kuma ranar Asabar malam ya duba. Da farko na ɗauka wani wahalar da mutane ne, yo ni da ke gama suya bayan isha'i ina ni ina kaye. Sai na lura ɗiyan sun fi tsoron karnen nan bisa ga muryata. Na tsakiyan, ɗan shekara 9, wanda in ka aike shi da dala ɗari ya sayo na tamanin sauran sun bi iska, wata rana na aike shi sayen magi da gishiri ya dawo ya ajiye mini dala biyar a kan tabarma bai ce komi ba, ya tsaya. Na ce mi kake jira? Ya ce Inna ki rubuta. Dariya ta kama ni amma na rubuta. Na san wata za ta ce ai don a rubuta ya yi ba don Allah ba, nima na faɗa ma malamin haka ranar da na je biya, ya ce Hajiya yaron da aka ce a umurce shi da salla yana shekara 7 ai ba a rubuta mishi zunubi ba tukuna, sabo ake nema, niyya tana zuwa da hankali. Na yarda da rabin maganar. Ɗaya rabin sai na ga ko canjin zai ci gaba da dawowa yanzu da karne ya ƙare.

Kuma karnen yana kama uwa ita ma, wannan ba su faɗa maki ranar rajista. Ba ki iya rubuta yaro bai yi asuba kan lokaci ba alhali ke ma rana ce ta tashe ki kuma yana kallonki.

Ba a bulala, an ce doka ce. Horonsu cika butoci, sharar rumfa, ko a hana ka fita shan iska. Akwai wani ƙaramin malami da ya murɗe ma autata kunne har ta zo gida ja wur, na tahi na yi magana, babban malam ya kira shi gabana ya ba ni haƙuri, kuma ba a sake ba. Malamar ƴan mata kuwa Allah ya saka mata, ita ta zauna da ƴan shekara 11 da 12 ta koya musu wankan tsarki da hukuncin jinin al'ada da bakin da ba ya ba yarinya tsoro, abin da mu da yawa kunya ta hana uwayenmu su faɗa muna sai da munka gani da idonmu.

Wani abu da ya kamata ki sani in akwai tsoho a gidanku, da ruwayar Hafs suke karantar da Alƙur'ani, alhali tsofaffinmu na allo Warsh sunka tashi da ita. Surukina ya ji auta tana Fatiha tana jan Maliki ya ce wa ya koya miki wannan, sake! Yarinya ta sake yadda anka koya mata, ya ce an ɓata ma jikarsa karatu, sai da malamin ya zo har gida bayan la'asar ya durƙusa ya gaida shi ya ce Baba duka biyun ingantattu ne, ku da mutanen Maroko da Aljeriya Warsh kuke, Makka da Masar Hafs. Tsoho ya ce ya sani sarai, shi dai a gidansa ba a canza mishi. Yanzu tana yi mishi nashi tana yi ma malam nashi. Da sun faɗa ma iyaye tun farko da an huta da wannan.

To ga inda ban ji daɗi ba. Yawa. Sun amshi ɗiya fiye da abin da gidan ke ɗauka, ajin ƙanana gwiwa na gugar gwiwa, malami guda, in yaronki mai shiru ne yana iya sati bai biya karatu gaban malam ba sai dai gaban wani yaro da ya girme shi da kaɗan. Bayan gida biyu ne kacal ga wannan taron, gefen maza ba na ma son in yi bayani. Ruwan sha randa ce da moɗa guda, ni dai gora nake cika musu daga gida. In ruwa ya sauko cikin Agusta kuwa rumfar kwanon nan ba a jin ko mai kiran salla, karatu ya tsaya, ƙofar gidan ta zama tabki, kuma ba su aiko saƙo a ce kar a zo, sai kin biya kabu-kabu ya kai su ya maido su.

Sai maganar manya, wadda ita ta fi ci mini rai. Babban nawa yana katiriyem, badi zai shiga ajin jarabawar brebe, kuma saboda shi ne ma na fara neman makarantar. Sun haɗa ƴan shekara 13 zuwa 16 aji guda sunka ba su hadda, shi ke nan. Hadda ba laifi ba ce, ya kawo hadisi har na 20 kuma yana faɗin kar ka yi fushi da larabci tsaf, amma ranar da ya koyo shi a ranar ya fasa mini kofi don na ce ya ba ni portabul. Waɗannan yaran abin da ke gabansu daban ne, TikTok ne, fada ce da shayi har ƙarfe ɗaya, abokan da sunka fara tramol, da masu zuga su su bar lakkwal su bi mota zuwa Agadas. Ba wanda ya zauna da su ya buɗe wannan zancen. Karnen ma da ke aiki ga ƙanana shi abin dariya ne gare shi, ya ce mini Inna ni ba bebe ba ne. Ana amshe portabul a ƙofa a sa cikin kwali, da kyau, amma 12 na bugawa an maida musu, ba wanda ya koya musu yadda za su riƙe ta sauran awoyin. Na ba su shawara su nemo matashin malami wanda ya san duniyar yaran, ko da ƙwallo ne su buga tare bayan la'asar a yi hira a bakin fili, babban malam ya ce yana sane, kuɗɗin ɗaukar wani malamin ne babu. To ni da a ƙara jika guda a kan manyan a yi musu abin kirki ya fi mini.

Walimar rufewa ma ta so ta wuce gona da iri, wasu uwaye sunka fito da anko da kuɗɗin rumfa da kujeru, abin ya tashi ya fi kuɗɗin wata. Wannan kam ba laifin makaranta ba ne, mu ne, kuma malam ya tashi ya ce wadda ba ta da hali ɗanta ya zo da kayan sallarsa.

Badi in Allah ya kai mu ƙananan biyu za su koma, har karatun marece na sa su yanzu. Babban sai na ga ko sun gyara ajinsu, in ba haka ba wurin kawunsa zan tura shi gona. Mai son sa nata ta je tun cikin Yuni kafin a cika, ta roƙa a nuna mata ajin da za a sa shi da bayan gida da idonta, kuma ta tambaya ɗiya nawa ne a hannun malami guda kafin ta amshi resi.