Ƙaramar waya, sabuwar Android ko ta hannu: wacce za ka saya idan kuɗinka na cikin layi?

Idan kaka ta yi, aka sayar da riɗi da zoɓo, za ka ga mutane sun kewaye teburin mai waya ranar Alhamis a Maigatari ko ranar Lahadi a Ɗambatta. Tambayarsu biyu ce: nawa ce, kuma tana riƙe caji? Akwai ta uku da ya kamata mai saye ya yi wa kansa: idan wayar nan ta bar hannuna na awa biyu, me wanda ta faɗa hannunsa zai iya yi mini? Tun da aka kawo BVN a 2014, aka kuma tilasta haɗa layi da NIN daga ƙarshen 2020, layin mutum ya zama makullin asusunsa na banki. Wanda ya riƙe layinka, shi saƙon banki zai riƙa zuwar wa, kuma da 'yan lambobi kaɗan zai ciro BVN ɗinka. Da wannan nake auna kowace waya.

Ƙaramar waya mai madannai da tocila ita ce aka fi rainawa, amma ta wajen tsaro tana da alheri biyu. Caji ɗaya yakan kai ta kwanaki, don haka ba kullum take kwana a shagon mai caji ba. Sannan ba a cika ta da manhajoji, babu wanda zai turo maka adireshin bogi na "tallafin gwamnati" ka taɓa shi ka shiga uku. Rauninta shi ne murfin baya: a minti ɗaya an buɗe, an zare sim, an saka a wata wayar. Maganin wannan kyauta ne, wato a sa wa sim ɗin kansa lambar sirri, ba wa wayar kaɗai ba. Duk wayar da aka kai shi sai ya nemi lambar kafin ya yi aiki. A kula dai, idan aka yi kuskure sau 3 zai rufe sai da lambar PUK, wadda ke rubuce a jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, idan kuma aka ɓata PUK sau 10 sim ya mutu. Wanda bai san lambar farko ta sim ɗinsa ba, kada ya yi canke, ya je ofishin kamfanin layin.

Sabuwar Android kuwa, yawancin abin da ke kan tebur Tecno ne da Itel da Infinix, dukansu na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, sai Samsung da Redmi ga mai ƙarin kuɗi. Ba na cewa wane ya fi wane. Abin da nake dubawa shi ne kwali a manne ba a taɓa buɗewa ba, da rasit mai ɗauke da sunan shago. Ka danna *#06#, wata doguwar lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ce IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta zo daidai da ta jikin kwali. Idan kuɗinka ya kai, ɗauki mai buɗewa da zanen yatsa, domin zanen nan da ake ja a kan gilashi, yaron da ke zaune kusa da kai a majalisa gani ɗaya yake yi masa ya haddace. Ka kuma sa a nuna maka ranar da wayar ta samu sabuntawar tsaro ta ƙarshe, tana nan cikin saiti.

Inda ake yin ɓarna da sabuwar waya shi ne awar farko. Mai saye bai iya ba, sai ya miƙa wa yaron shago ya buɗe masa Gmail da WhatsApp da Facebook. Yaron ya zaɓi lambar sirri da kansa, wani lokaci lambar wayar mai sayen ce kawai, wani lokaci ma ya sa tasa lambar a matsayin ta dawo da asusu. Shi ke nan, kai ka biya kuɗin waya, wani ke riƙe da ƙofarta. Ka tafi da ɗanka ko ƙanenka da ka amince da shi, a buɗe a gabanka, a rubuta a takarda ka kai gida. A nan take a sa wa WhatsApp lambar kariya ta biyu. Lamba 6 ɗin da WhatsApp ke turowa ta saƙo kuwa ba a karanta wa kowa ita, ko da mai kiran ya ce shi ne sakataren ƙungiyarku ta manoma yana haɗa taro.

Ta hannu ita ta fi jan hankali, saboda da kuɗin sabuwar Android mai araha za ka samu babba mai kyamara mai kyau. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano akwai 'yan kasuwa masu shago da mutunci da ke sayar da irinsu, su rubuta maka rasit da IMEI a jiki. Wadda nake tsoro ita ce ta bakin tasha, babu kwali, babu caja, mai ita yana sauri. Idan ta sata ce, 'yan sanda ta IMEI suke bin sawu, kuma wanda aka samu da ita a hannu shi zai fara amsa tambaya. Ko da ta halal ce, a goge ta gaba ɗaya a gabanka, a kunna, ka ga ta wuce ba tare da neman Gmail ɗin tsohon mai ita ba. Idan ta tsufa har kamfani ya daina turo mata sabuntawa, to ta kallo da sauraren karatu ce, kada manhajar banki ta shige ta.

Ni a ganina, magidancin da ke karɓar kuɗin amfanin gona ta banki, waya biyu ta fi masa babba ɗaya mai tsada. Layin banki ya zauna a ƙaramar, da lambar sirrinsa, a aljihu ko a gida. Android mai sauƙin kuɗi ta ɗauki wani layin na WhatsApp da kallo, ita za ta je wajen mai tura fim, ita yara za su ara. Ragowar kuɗin a sayi ƙaramar sola ko fawa banki, don a rage kai waya teburin da ake jera wayoyi hamsin a manna wa kowace lamba da salatif.

Wayar uwargida ta fi buƙatar wannan kulawa. Hotunan biki da na cikin ɗaki suna kan katin memori, kuma shi makullin waya ba ya kare shi. Duk ranar da za a kai gyara ko caji, a zare memori da sim tukuna. Kafin ka bar banki a zuwanka na gaba, tambayi ma'aikaci lambar da ake dannawa a rufe asusu daga wayar wani, ka rubuta ta, ka ajiye tare da katin PUK da rasit.