Gargaɗi: sidi 74,000 muka biya don injin Land Cruiser 1HD-T, aka sauke mana gajiyayyen 1HZ mai sabon fenti

Assalamu alaikum 'yan uwa na Kumasi da Ankara, musamman masu Land Cruiser da masu gyaranta. Akwai wani da ke tallan injina a Facebook da WhatsApp, yana cewa shagonsa na Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Ankara (Accra), kayansa duk hom-yus ne, wato na hannu, daga Japan. Ɓarawo ne. Sidi 74,000 ya ci mana, ban da 1,500 na motar da ta ɗauko kayan zuwa garejinmu a Suame, Kumasi. Sidi 74,000, kuma kuɗin ba nawa ba ne, na wani dattijo ne da ya damƙa mana motarsa amana. Ba zan sa sunan da ya ba mu ba tukuna, don maganar na hannun 'yan sanda, kuma na tabbata sunan ma na aro ne.

Motar Land Cruiser 80 ce mai injin 1HZ. Alhaji mai motar zai tura ta Gembu, can saman Mambila a jihar Taraba, inda 'yan uwansa ke da shanu. Duk wanda ya san 1HZ ya san jakin aiki ne: silinda shida, lita 4.2, ƙarfin doki kusan 129, ba tarbo, ba kwamfuta, ba ya laulayi. Amma numfashinsa daga iskar Allah yake ja kai tsaye. Kumasi tsayinta daga teku bai wuce mita 250 da 'yan kai ba, Mambila kuwa wajen mita 1,600 ce. Inji marar tarbo yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000, wato a can sama dokin nan 129 ya koma wajen 110, a mota mai nauyin fiye da tan biyu tun kafin a loda mata buhun gishiri ko ɗaya. Iska ta ragu, famfon mai kuwa man da ya saba bayarwa yake bayarwa, sai baƙin hayaƙi da zafi. Wannan ne ciwon da aka zo mana da shi.

Hanya biyu ce. Ko a ɗora wa 1HZ ɗin tarbo, ko a cire shi a sa 1HD-T, wanda Toyota ta ƙera da tarbonsa tun daga masana'anta, mai ƙarfin doki sama da 160. Mun ba da shawarar 1HD-T, kuma ko gobe aka sake tambayata ita zan bayar. Shi 1HD-T kai tsaye yake fesa mai a kan fistin, matsinsa 18.6 ne (wato sau nawa fistin ke matse iska). 1HZ matsinsa ya haura 22, kuma mansa a wani ɗan ƙoƙo yake fara ƙonewa cikin kan injin. Ƙoƙon nan shi ne raunin 1HZ idan zafi ya yi yawa. Shawarar ba ta da aibi. Kada wani ya zo yana ce mini ai da kun yi kaza.

Kuma ba a makance muka tura kuɗi ba, wannan nake so a fahimta. Na ce masa sai na ga injin yana aiki. Ya kira ni ta bidiyo, ranar Laraba bayan la'asar. Ga inji a kan katako, an ɗaura masa batir da galan na mai. Na ce nuna mini famfo, ya nuna, ga 'yar hular nan a samansa wadda ke ƙara mai gwargwadon iskar da tarbo ya turo. Na ce nuna mini nozul, ya kai wayar kusa, ga su an danne su da maƙalai da kusoshi yadda na 1HD-T suke. Na ce goge bulo in ga lamba, ya sa tsumma ya goge, na karanta 1HD da idona. Ya tayar da shi, bugu ɗaya, hayaƙi kaɗan ya fita ya washe. Ya ce, "Masta, ni ma ɗan Zango ne, a Nima aka haife ni. Wallahi ba zan ci haƙƙin Musulmi ba." Da Hausa tsantsa. Har ya ce in gaida Baba Alhaji, ya ce yana neman addu'arsa. Injin nan na gaskiya ne. Na gan shi. Ba nasa ba ne kawai, ko kuma nasa ne yana nuna wa kowa shi yana aika wani.

Kafin wannan kiran mun riga mun tura 20,000 na kafin alƙalami ta momo, wato tura kuɗi ta waya. 20,000 ɗin ranar Litinin ne, bayan ya turo hotuna da takardar kwastan ta Tema, wadda yanzu na lura an rufe lambar injin da ɗan yatsa a hoton. Bayan bidiyo muka tura 30,000 ta banki, zuwa wani asusu da ya ce na ƙanensa ne. Ragowar 24,000 mun ce sai kaya sun iso. Ya ce direba ba zai ɗauka ba sai an cika, ya turo hoton inji a naɗe da leda a bayan mota da takardar lodi, ya yi ta kira, wai akwai wani daga Tamale da ke tsaye da kuɗi a hannu. Muka cika. 20,000, 30,000, 24,000. Nan ne kaɗai wurin da nake jin kunya, 24,000 ɗin nan, don na san ƙa'ida kuma na karya ta saboda "Masta, ni ma ɗan Zango ne."

Da aka sauke shi muka yage ledar, ko minti biyu ba a yi ba jikina ya yi sanyi. An wanke shi tas, an fesa masa fenti har kan tiyo da kan kusoshi. Nozul ɗin na murɗawa ne, irin na 1HZ, ba maƙali ko ɗaya. Saman famfo fayau, babu hula. Wurin lamba an bi shi da garanda an share, an sake buga 1HD da hannu, haruffan ma ba a jere suke ba, D ɗin ta fi sauran zurfi. Wani yaro ɗan koyo da bai cika shekara biyu a gareji ba ne ya fara cewa, "Masta, wannan ai irin na Coaster ne." Gaskiyarsa, 1HZ ne.

Da ma 1HZ mai lafiya ne da an rage asara. Muka ɗaura masa kik a kan benci muka auna matsi. Littafin Toyota ya ce kilo 37, mafi ƙaranci 27, kuma kada tsakanin silinda da silinda ya wuce 5. Muka samu 29, 28, 26, 27, 21, 19. Muka ɗaga kan injin. Ƙoƙo huɗu cikin shida sun tsage daga bakin rami, ɗaya har yana motsi idan ka taɓa shi da sukundireba. Fistin na biyar da na shida gefensu ya zaizaye kamar an lasa da wuta. Inji ne da wani ya riga ya dafa, aka tsinto shi aka yi masa kwalliya.

Tarbon da aka liƙa masa kuwa kwafi ne marar suna marar lamba, an yi shi da siffar CT26, tarbon Toyota na 1HD-T. Ka kama sandar fankarsa ka ja ciki da waje, tana ƙwas-ƙwas, kuma fuka-fukan sun riga sun goge jikin gida. Wannan wasan na ciki da waje bai kamata yatsa ya ji shi ba sam. Ƙofar da ke sakin hayaƙi idan matsin iska ya kai iyaka an ɗaure sandarta da waya, wato iska ba ta da birki. Sukurun mai na jikin famfo an fasa hatiminsa an murɗa shi ciki, don injin ya yi ruri a ji kamar ƙarfi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bututun da ke mayar da baƙin mai daga tarbo. An huda kaskon mai a ƙasa, ƙarƙashin inda mai ke tsayawa, aka yi walda da siririn bututu. Man tarbo da nauyinsa yake gangarowa, yana buƙatar bututu mai faɗi kamar milimita 19 wanda zai shiga sama da layin mai. Idan ya rasa hanya sai ya taru ya tsallake zuwa cikin iska, injin dizal kuwa yana iya shan baƙin mansa ya gudu da kansa, ka zare makulli bai mutu ba. Ku hango wannan a hawan da ke tashi daga Mayo Selbe, kwana bisa kwana, rami a gefe, mota cike da mutane. Wannan mutumin ba kuɗi kaɗai ya so ci ba.

Kada a ce na hana sa wa 1HZ tarbo. Ana yi, yana kuma daɗewa, idan an bi shi a hankali. A fara da auna matsi da gyaran nozul, a wanke lagireto ko a canja, a tabbatar fanka na kamawa idan inji ya yi zafi. Iska kada ta wuce psi 7 zuwa 9. A sa wa famfo hular nan, a kai wa mai benci ya saita, ba a murɗa sukuru da ka ba. Salansa mai inci 3, na'urar sanyaya iska idan da hali, sannan geji na zafin hayaƙi wanda aka dasa a manifol kafin tarbo. Ya doshi digiri 700, a ɗaga ƙafa a sauko da giya. A kan tudu tarbo ya fi wahala, don sai ya ƙara gudu kafin ya tara iskar da yake tarawa a ƙasa, lagireto ma iskar da ke ratsa shi ba ta da kauri. Shi kansa 1HD-T na gaskiya, na farko-farkon shekarun 1990, an san shi da cin metal na kwanrod, wato sandar da ke riƙe fistin, don haka mun riga mun sayi sabon saiti muna jira. Ga shi nan a kwali.

Na kira shi a ranar. Da farko ya ce yaransa ne suka yi kuskuren lodi, zai aiko da na gaskiya ranar Asabar. Ranar Asabar ya ce ai bulonsu ɗaya, me ye abin tayar da jijiyar wuya. Ko kuwa wannan ya faɗa tun ranar farko, na manta, duk suna cikin saƙonnin murya. Lahadi layi a kashe, ya toshe ni a WhatsApp, shafinsa ya canja suna amma hotunan su ne dai, har da injin nan na kan katako. Mun tura mutum Abossey Okai da kwatancen da ya bayar, ya tarar da shagon masu sayar da fitilu, ba su taɓa jin labarinsa ba. Ni kuma sai da na je gidan Alhaji a Aboabo na zauna gabansa na ce, "Baba, 74,000 ɗin nan ta hannuna ta fita." Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ina da komai: rasit uku, saƙonnin murya, hoton takardar lodi, hoton lambar da aka goge, bidiyon gwajin matsi. Zan ɗora su da zarar mai binciken ya ba da izini. Mun kai ƙara ofishin 'yan sanda, mun kuma kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana. Wanda mutumin nan ya taɓa, ya yi magana a haɗa ƙara.

Kada ku biya inji ta bidiyo. Ku je, ko ku tura makanikenku ya sa hannu a kan lamba ya tsaya har a loda wanda ya gani. Asusun ƙane, ku gudu. Inji mai sabon fenti, ku kankare wurin lamba tukuna. Yanzu haka tallansa na yawo da hoton wani injin Land Cruiser ƙirar 1HD-FT, yana neman 20,000 na kafin alƙalami.