Mita ko 'yar koma: amsar mai tambaya kan rafin lambunsu

Malam, ka tambaya yadda za ka gane lafiyar ruwan rafin lambunku. Tsakanin mitar gwajin ruwa da kake son saya da 'yar komar da wani ya ba ka shawara, ɗauki koma. Duka biyun ina da su a ɗaki, ɗaya ce kawai nake fita da ita.

Tawa komar da tsohon gidan sauro aka ɗinka ta, aka zagaye bakin da waya, aka sa mata ƙotar tsintsiyar bature. Sai farin faranti mai zurfi da gilashin ƙara girma. Wani malamin kimiyya ne ya koya mini a wani ɗan rafi da ke gangarawa Binuwai, can bayan garin Pitoa a arewacin Kamaru. Za ka kafa komar a ƙasan inda ruwa ke gudu, ka tsaya ta sama kana burkuta duwatsu da ƙafa kamar minti biyar, sannan ka juye abin da ya shiga a farantin da ɗan ruwa. Da farko ba ka ganin komai sai laka da ganye. Ka yi haƙuri ya kwanta.

Ranar farko ɗana ne ya fara gani, ya ce, "Baba, tsinken nan tafiya yake yi!" Ashe wata tsutsa ce da ta gina wa kanta gida da ƙwayoyin yashi, tana jan sa duk inda za ta. Kusa da ita ga wasu 'yan ƙwari masu jela uku suna ta kaɗa gefen cikinsu, ga 'ya'yan mazari. Masu jela ukun nan da masu gidan yashi ba sa jure ruwan da iskarsa ta yi ƙaranci ko guba ta ratsa shi, kuma makonni ko watanni suke yi a wuri ɗaya. Saboda haka in ka same su, shaida ce ta abin da rafin ya daɗe a kai. Muka sauka ƙasa da inda ake wanke babura da buhunan taki, muka sake burkutawa. Farantin ya cika da jajayen tsutsotsi da matsattsaku, mai jela uku ko ɗaya babu. Jan nan nasu sinadarin jini ne da ke ba su damar rayuwa inda iska ta kusa ƙarewa. Rafi ɗaya, tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ba tsakanin wuraren biyu.

Wannan hanya ba ƙirƙirar ƙauye ba ce. A Afirka ta Kudu sun tsara ta don 'yan makaranta, suna kiranta miniSASS, rukuni 13 na ƙwari, kowanne da makinsa. Takardar hotunan kyauta ce a intanet, ka buga ta ka sa a leda.

Mita kuwa, to, tana ba da lamba. Tawa ta TDS ce, yawan gishirin da ya narke kawai take ƙiyastawa ta hanyar yadda ruwa ke ɗaukar lantarki. Ba ta ganin maganin feshin auduga, ba ta ganin ƙwayar cuta. Ta pH, wato mai auna tsamin ruwa, da na haɗa da ita bakinta ya bushe a zafin Afrilu na Garwa, tun daga nan ruwan rijiya da ruwan tsami kusan lamba ɗaya take ba su. In dole sai ka san pH, sayi takardar tsomawa, ka duba kwanan watan lalacewarta, tsakanin 6.5 da 8.5 ba abin damuwa.

Ka kuma yi hattara da masu yawo da mita a kasuwa suna cewa tana gano "microbe", wato ƙwayar cuta. Ƙarya ce. Akwai ma masu tsoma wasu sandunan ƙarfe masu lantarki a kofin ruwanka, ya koma ja-ja da kumfa, su ce ga dattin nan, sayi matacinmu. Ƙarfen nasu ne ke narkewa, ruwan gora ma, in da gishiri narke a cikinsa, haka zai yi.

Kada tarwaɗa ta ruɗe ka, tana shaƙar iska daga sama, ko a kwata za ta rayu. Ka je bayan damina, Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ruwa ya tace kuma yana gudu, ka gwada sama da ƙasan lambunku rana ɗaya, ka rubuta. Ka sa takalmin roba mai tsawo, domin ƙananan dodon koɗin da ke maƙale a ciyawar bakin rafi su ke ɗauke da tsargiya, ta fata take shiga. Maganar ko ruwan zai shawu kuma, koma ba ta da amsarta. Wannan sai ka cika kwalba mai tsabta ka kai ɗakin gwaji.