Akwatin jonawa ko sauya saitin ƙwaƙwalwa: wanne ya dace da motar janwe mai garanti?

Ɗan'uwanmu da ke aikin janwe a Amurka ya kawo tambaya. Yana da Ford F-550 mai injin dizal 6.7, garantin kamfani bai ƙare ba, kuma motar tana yi masa nauyin jiki a hawa idan ta ɗauko kaya. An ba shi shawara biyu: ko ya jona ƙaramin akwatin nan mai ƙara ƙarfi, ko ya sa a sauya saitin ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutar da ke sarrafa shi. Wanne ya fi, kuma wanne ne ba zai taɓa garanti ba?

Malam, duka biyun suna taɓa garanti. Inda suka rabu shi ne yadda kowanne ke aiki, da irin ɓarnar da yake iya jawowa, da saurin da dila, wato wakilin kamfanin motar, zai gane an yi.

Akwatin jonawa ba ya shiga cikin ƙwaƙwalwa. Tsakaninta da sensa ake saka shi, galibi sensar da ke auna matsin mai a bututun da ke raba wa nozul-nozul, da wadda ke auna iskar turbo. Aikinsa rage lamba ne. Matsi ya kai inda ake so, shi kuma ya gaya wa ƙwaƙwalwa bai kai ba, sai ta umarci famfo ya ƙara. Kamar a taɓa sikelin mai awo ne: zai yi ta zuba hatsi yana ganin da saura. Ƙarfi yana ƙaruwa da gaske, amma ƙwaƙwalwar da aka ɗora wa kare injin tana yanke hukunci da lissafin da ba daidai ba. Ko lissafin shan mai da kake gani a dashbod ba abin dogaro ba ne daga ranar, shi ya sa wasu ke rantsuwa cewa akwatin ya rage musu shan mai alhali ba su taɓa aunawa a gidan mai ba. Akwai masu ɗan inganci, irin Banks Derringer, da ke karanta bayanan motar suna ja da baya idan zafi ya yi yawa. Masu arha ba ruwansu da wannan.

Sauya saiti kuwa ta soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari ake yi, da kayan aiki irin su HP Tuners, EFILive ko SCT. A nan ana sake rubuta umarnin kansa: yawan man da za a fesa, lokacin fesawa, ƙarfin turbo, har da lokacin da giya za ta sauya da matsin man giyabos. Ta fuskar aiki wannan ya fi tsafta, domin sensa tana faɗin gaskiya, kuma giyabos ya san an ƙara masa kaya. Amma kyansa yana hannun wanda ya rubuta saitin. Saitin da aka yi wa yaron da ke son tsere ba shi ne na mai jan mota tan uku a bayansa ba.

Ta wajen garanti sai lamarin ya juya. Sauya saiti yana barin sawu a fili. Kowane saitin kamfani yana da lambar tantancewa, kuma General Motors, alal misali, tana sa dilolinta su duba wannan lamba kafin a amince da babban gyaran injinta na dizal mai suna Duramax. Ko ka mayar da saitin asali kafin ka je, ƙwaƙwalwa tana iya nuna an taɓa ta. A wasu sababbin motocin ma a kulle take, kamar Duramax daga 2017, sai an buɗe ta ko an sauya ta dungurungum, wanda babu yadda za a ɓoye shi. Akwatin jonawa shi ake tallatawa da cewa cire shi kawai za ka yi, babu mai sani. Ban yarda ka dogara da wannan ba. Bakaniken da ya ƙware yana ganin alamar taɓa soket, yana ganin bayanan da ba su jitu da juna ba, kuma idan aka buɗe injin, kan fistan yana nuna irin wutar da ya sha. Ban da haka, cire abu a ɓoye don kamfani ya biya ɓarnar da abin ya jawo ha'inci ne, ba zan ba ɗan'uwa shawarar ya gina sana'arsa a kai ba.

Masu sayarwa suna yawan ambaton dokar Magnuson-Moss ta 1975. Gaskiya ne dokar ta hana kamfani soke garanti don kawai ka saka kayan da ba nasa ba, sai in kayan ne suka jawo lalacewar. To amma duba abu biyu. Dokar an yi ta ne don kayan da aka saba amfani da su na kai ko na gida, saboda haka motar janwe ta kasuwanci ba lallai ta shiga ƙarƙashinta ba. Sannan ko ta shiga, na'urar da aikinta ƙara wa injin wuta ce, idan gaskit ya ƙone ko turbo ya mutu, haɗa ta da ɓarnar ba ya yi wa kamfani wuya. Garantin rediyo da na gilashin ƙofa suna nan, amma wanda kake buƙata, na injin dizal, shekara 5 ko mil 100,000 kamar yadda Ford da Ram da General Motors suka saba bayarwa, shi ne zai tafi. Kana iya kai ƙara, sai dai motar tana ajiye a gareji, kai kuma kuɗin wata na bashinta bai tsaya ba.

A motarka akwai wani abin da ya fi damuna da akwatin. Injin Ford 6.7 yana amfani da famfon mai na Bosch CP4 tun 2011, famfon da ke aiki da matsi mai tsananin yawa, kuma an san shi da cewa idan ya mutu yana watsa garin ƙarfe cikin nozul da bututu har tanki, sai an sauya kusan komai na hanyar mai. Shi ne famfon da Ram ta janye daga motocinta na 2019 da 2020. Idan ya mutu motarka tana yadda kamfani ya yi ta, kana da bakin magana. Idan ya mutu da akwatin da ke tilasta masa ƙara matsi, ka miƙa wa dila hujja da hannunka.

Ka kuma tambayi kanka me ya sa motar ta zo a haka. Injin 6.7 ɗin nan a ƙaramar a-kori-kura ta Ford daga 2020 yana ba da ƙarfin doki 475, amma a F-550 ta aiki 330 aka bar shi. Ba mantuwa aka yi ba. Gwajin hayaƙinsu daban ne, aikinsu ma daban: waccan tana ɗaukar nauyi jefi-jefi, taka kuwa kullum a ƙarƙashin kaya take, ga dogon tsayuwa injin na kunne ana jan winci. Ƙarin mai a doguwar hawa zafin hayaƙi yake haifarwa, kuma masu gyaran dizal sun saba gargaɗin kada ya daɗe sama da digiri 1,250 a ma'aunin Amurka, wato wajen 680 a namu. Ƙarin mai kuma ƙarin baƙin toka ne a matatar hayaƙi ta DPF, wadda dama motocin janwe ke fama da toshewarta saboda yawan tsayuwa. Duk wannan wahalar ba ta ƙara ko kilo ɗaya a nauyin da doka ta yarda motar ta ɗauka, ba ta ƙara wa birki kamu, ba ta ƙara wa winci ƙarfi.

Za a iya kawo maka hanya ta uku, a ce a cire DPF da EGR, na'urar da ke mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin injin, gaba ɗaya a rufe bakin ƙwaƙwalwa. Dokar tsaftar iska ta Amurka ta haramta wannan, hukumar kare muhalli ta EPA ta ci kamfanoni da garejoji tara a kai, garanti kuma ya tafi nan take. Hayaƙin ma kai da ke tsaye a bayan motar kana ɗaure kaya kai ne farkon mai shaƙarsa.

Shawarata, muddin garanti na nan kada ka saka ko ɗaya. Kai ta wurin dila ka ce ƙarfinta ya ragu. Matatar mai ko ta iska da ta toshe, bututun turbo mai yoyon iska, ko DPF da ya cika, kowanne yana sa mota nauyin jiki, kuma wasu daga cikinsu kamfani ne zai biya. Idan amsar totur ce kawai ke maka sanyi, akwai na'urar da ke gyara wannan ba tare da ƙara mai ko matsi ba, ita ma ka tambayi dila a rubuce kafin ka saka.

Bayan garanti ya ƙare, idan har yanzu kana so, ni sauya saiti zan zaɓa a kan akwati: saiti mai sauƙi da aka yi don jan kaya, wanda ya haɗa da giyabos, bai taɓa kayan hayaƙi ba, kuma yana da lambar amincewar hukumar CARB ta Kalifoniya. Ka fara saka ma'aunin zafin hayaƙi kafin saitin, ka yi aiki da motar yadda take don ka san lambobinta na asali. Idan kuma ka sayi ƙarin garanti daga wani kamfani, karanta takardarsa tukuna, domin yawancinsu sun rubuta ƙarara cewa ba sa biyan injin da aka sauya wa saiti.