Burodin challah na Golders Green ya yi, amma ku yi oda da wuri

Masu tambayata ina na samo burodin nan mai sheƙi, to a Golders Green ne, arewacin Landan, unguwar da Yahudawa suke da yawa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Northern za ki hau, kina fitowa daga tashar ki bi babban titin za ki ga gidajen burodi jere. Ba zan kama sunan wanda nake zuwa ba don ina da ɗan ƙorafi a kansu.

Sunan burodin challah. Yawanci kitse shi suke yi dogo, amma da Rosh Hashanah ta matso, wato sabuwar shekararsu, sai su koma yin sa zagayayye, wani har da zabibi a ciki. A 2025 da faɗuwar rana ta 22 ga Satumba suka shiga shekara ta 5786. Maƙwabciyata Bayahudiya ce, ita ta aike ni in ɗauko mata nata saboda girki ya sha mata kai, 'ya'yanta da jikoki duk a gidanta za su ci abincin daren, ni ma na sayo nawa. Wallahi laushin burodin nan sai wanda ya ci, ƙwai ya ji, zaƙin bai yi yawa ba, kuma babu madara a ciki saboda su ba sa haɗa nama da madara a ci ɗaya, shi ya sa suke iya ajiye shi kusa da kaza. A daren sabuwar shekara a zuma suke tsoma shi, haka ma tuffa, wai don shekarar ta zo da daɗi. Ni da shayi na kora nawa kuma ban yi nadama ba.

Kek ɗin zuma kam bai burge ni ba, ya bushe, ƙamshin kirfa ya danne zumar, ga tsada. Kuma 'yan uwa ku tambaya kafin ku saya, kosher, wato abincin da addinin Yahudawa ya halatta musu, ba ɗaya yake da halal ba, babu alade tabbas amma wasu suna zuba wuski a irin wannan kek ɗin. Na tambayi yarinyar da ke sayarwa ta ce nasu babu, har ta juya min takardar na karanta da kaina, wannan kam na yaba mata.

Ƙorafina layi ne. Ana gobe biki wurin kamar gaban mahauta a jajibirin Sallah, masu oda da waɗanda suka shigo haka nan duk layi ɗaya, to meye amfanin odar? Sai dai idan ba ki yi ba zagayayyen zai ƙare kafin azahar.

Sannan ki riƙe kalandarsu a kai. Kwana biyu na Rosh Hashanah a rufe suke, ranar Yom Kippur da suke azumin kusan awa 25 ma a rufe, bayan kwana biyar Sukkot ta shigo, lokacin da suke kafa rumfa a tsakar gida da rufin ganye suna cin abinci a ciki da iyali, nan ma ranakun farko babu kowa. Juma'a kuma tun kafin magariba sun kulle sai Asabar ta wuce. Ki je da safe tsakiyar mako, ki sayi biyu ki saka ɗaya a firiza, ba ya lalacewa.