Rainmeter a kan tsohuwar laftof ɗina

Shekara biyu ke nan ina amfani da Rainmeter, manhajar da ke jera ƙananan kaya irin su agogo a fuskar allon kwamfuta, a laftof ɗin da nake buga wa ɗalibai takardu da ita, kuma har yau ban ga dalilin cire ta ba. Abin da ya kai ni gare ta kewar Windows 7 ce. Wanda ya yi zamani da ita zai tuna ƙananan kayan da ake jerawa a gefen allo, agogo da kalanda da ma'aunin aikin na'ura. A 2012 Microsoft ta shawarci mutane su kashe su saboda matsalar tsaro, da Windows 8 ta fito kuwa babu su sam. Windows 11 tana da nata, amma sai ka buɗe wani allo na daban kafin ka gan su. Ni kuwa so nake ina ɗaga kai in ga saura nawa a batir kafin a kawo wuta.

Manhajar kyauta ce, Kimmo Pekkola ne ya fara ta a 2001, masu sa kai ke kula da ita yanzu. Ba ta da nauyi, ko da ɗan datar da ya rage maka za ka sauke ta. Da ka girka ta za ta fito da wasu kaya masu suna illustro: agogo, cikar faifai, aikin na'ura, da ma'aunin datar da ke shiga da fita. Wannan na ƙarshen shi ya nuna mini cewa laftof ɗin na jan data a ɓoye ko ban buɗe komai ba. Kowane irin kayan nan suna kiransa skin, ni dai riga nake ce masa. Wasu rigunan kana sauke su ne a fayil mai ƙarewa da .rmskin, ka danna sau biyu, shi ke nan.

Inda na fi jin daɗinta shi ne gyara. Kowace riga rubutu ne zalla a fayil ɗin .ini, Notepad ma na buɗe shi. Na so agogon ya riƙa nuna mini tunatarwa da Hausa, na rubuta “Ƙarasa aikin ɗalibai” na ajiye. Sai ga wasu alamomi marasa kan gado a inda ƙ da ɗ suke. Na canza salon rubutu har sau uku, shiru. Ashe ajiyewar ce: dole fayil ɗin ya kasance a tsarin UTF-16 LE kafin baƙaƙenmu masu lanƙwasa su fito. Na sake ajiye shi haka, na danna Refresh, sai ga Ƙ ɗina tsaye ɓaro-ɓaro. Wallahi na yi murna ranar. Duk mai rubuta Hausa ya riƙe wannan.

Sabuntawa ba ta taɓa ba ni wahala ba, sabuwar kake ɗorawa a kan tsohuwar, rigunanka na nan a folda Documents. Amma idan rigar kanta za ka sabunta bayan ka yi mata gyare-gyare, ka fara kwafe taka gefe, don sabuwar za ta hau kanta. Ni a folda @Backup na tsinci tawa.

Abu biyu na cire. Wata rigar hasashen yanayi da na samo ta wayi gari babu komai a cikinta. Da na leƙa Log, inda manhajar ke rubuta kurakuran da ta ci karo da su, a sashen About sai na ga shafin da take ɗebo bayani ne ya daina amsa mata, mai rigar kuma ya daɗe da barin ta. Sai rigunan da ke rawa da sautin waƙa, suna da kyau, amma suna sabunta kansu sau da yawa a daƙiƙa guda, fankar laftof ta yi ta kuka, batir na zuba. Agogo sau ɗaya a daƙiƙa ya ishe shi.

Idan kana son abin da za ka danna ka manta, za ka gaji da wuri, domin yawancin bayananta da Turanci suke kuma sai ka ɗan karanta. Ƙanena dai na girka masa ranar Juma'a, agogo da batir da ma'aunin data kawai na bar masa.