PBS ko BritBox: wanne ya fi wa mai son barkwancin Birtaniya a Amurka?

Ba'amurken da ke son wasannin barkwanci na Birtaniya ya daɗe yana dogaro da tashoshin talabijin na PBS, kafar jama'a ta Amurka da ba ta kasuwanci ba, waɗanda ake kallonsu kyauta, domin gudummawar masu kallo na cikin abin da ke riƙe da su. Sai dai a nan matsalar take, saboda kowace tasha ita ke sayen haƙƙin nuna shiri da ɗan kuɗin da ke hannunta, kuma ta fi karkata ga abin da dattawan da ke ba ta gudummawa suka saba da shi. Shi ya sa a daren Asabar ake ta maimaita Keeping Up Appearances, wanda aka yi daga 1990 zuwa 1995, da Are You Being Served?, wanda ya fara tun 1972, har mai kallo ya haddace maganar ɗan wasa kafin ya buɗe baki. Wasannin suna da kyau, amma abin takaici ne a ɗauka barkwancin Birtaniya a nan ya tsaya.

BritBox, dandalin kallon shirye-shirye ta intanet wanda kafafen talabijin na Birtaniya BBC da ITV suka buɗe a Amurka a 2017, ya fi yalwa nesa ba kusa ba, kuma ya dace da gajerun shirye-shiryen Birtaniya, waɗanda zango ɗaya yakan ƙare a kashi 6. Sharaɗinsa kuɗin wata da intanet mai ƙarfi. A ganina shi ya fi, ko da yake wanda bai san sunan wasa ba da wuya ya neme shi, alhali PBS har falo take kawo masa.